Gara Fiyus Ya Ƙone Da Ɗakin Ajiya Ya Ƙone

'Yan'uwa manoma, a zagayen da muka yi cikin ƙungiyoyinmu da ranin nan, kusan ko'ina mun tarar da sola. Wasu sun kafa ta domin famfon ban ruwan lambu, wasu domin injin ƙyanƙyasar ƙwai, wasu domin firjin allurai a ɗakin shan magani, wasu kuwa domin cajin wayar hannu da hasken majami'a. Mun gode wa Allah saboda wannan ci gaba. Amma mun ga wani abu da ya tada mana hankali, shi ne ya sa muka rubuta wannan bayani.

A wani ƙauye, ƙungiya ta tara kuɗin masarar kaka biyu, ta sayi manyan batura biyu da inbata, aka ajiye su a ɗakin da a ke tara taki da iri. Cikin mako guda fiyus ya ƙone sau biyu. Mai kula da wurin mutum ne mai himma, ya ga kasuwa da nisa, sai ya yanko guntuwar waya ya ɗaure a gurbin fiyus ɗin. Wuta ta dawo, kowa ya yi murna. Bayan 'yan kwanaki, da tsakar dare, sai maƙwabta suka ji ƙauri. Ashe ɓera ne ya gaigaye robar wayoyi a bayan buhuna, suna taɓa juna jefi jefi, abin da ke ƙona fiyus ke nan. Ran da suka haɗu sosai ba abin da zai yanke wutar. Waya ta yi ja kamar garwashi, buhuna suka kama. Allah ya kiyaye rai, amma batura da inbata da irin shukar bana duk sun tafi. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ke cikin batir

Batir irin na dalma da ruwan asid, wanda ke cikin mota da tarakta, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Ƙarfinsa bolt 12 ne, in ka taɓa kansa da busasshen hannu ba ya janka. Shi ya sa mutane ke raina shi. Amma batir kamar madatsar ruwa ya ke. Bolt shi ne ƙarfin turawa, amfiya kuwa yawan abin da ke gudana. Kwan fitila ko fanka suna ɗiban kaɗan kaɗan, kamar mai ban ruwa da ya buɗe ƙaramar kafa. In jan waya mai alamar + ta haɗu da baƙar waya mai alamar − ba tare da wani kaya a tsakani ba, madatsar ce ta fashe. Ɗaruruwan amfiya kan kwararo nan take, a babban batir har su wuce 1,000. Sifana da ta faɗi a kan kawunan batir tana iya mannewa kamar an yi mata walda, zoben hannu kuwa ya toye yatsa.

Masu ilmi sun daɗe suna neman hanyar tsare wannan ƙarfi. Ga masu gadin da suka samar mana.

Fiyus

A 1847 wani Bafaranshe, Breguet, ya ba da shawara a sa siririyar waya a hanyar wayar tangaraho, domin in tsawa ta bugi layin siririyar ta narke, injin da mai aiki su tsira. Thomas Edison na Amurka ya sami takardar mallakar ƙirƙira a kan irin nasa fiyus a 1890. Har yau dabarar ba ta sake ba. Cikin fiyus akwai ɗan ƙarfe da aka auna, wanda zai narke da zarar wutar da ke bi ta kansa ta wuce iyaka. An yi shi rarrauna da gangan, domin ya riga waya mutuwa.

Saboda haka in fiyus ya ƙone, aikinsa ya yi, yana gaya mana akwai ɓarna a wani wuri. Sai a nemi ɓarnar tukuna, sa'an nan a sa sabo mai lamba daidai da ta tsohon. Fiyus irin na mota mai ƙafa biyu ana gane shi da launi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kaurin waya ne ke nuna girman fiyus. In ka sa na amfiya 30 a wayar da ba ta ɗaukar fiye da 10, wayar ce za ta zama fiyus ɗin.

Wurin da aka sa shi ma yana da muhimmanci ƙwarai. Babban fiyus wurinsa a kan jan waya ne, kusa da kan batir, kamar tazarar taƙi ɗaya. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai gadi. Mun ga wurare da yawa inda aka ja waya kai tsaye daga batir zuwa inbata, ana cewa ai inbata tana da nata fiyus a ciki. Wancan cikin inbata kaɗai ya ke tsarewa, ba ruwansa da wayar da ɓera zai ci a hanya.

Bireka

Damuwar fiyus ita ce in ya ƙone sai an sayi wani. Hugo Stotz na birnin Mannheim a Jamus ya sami takardar mallaka a 1924 a kan ɗan makunnin da ke kashe kansa, a sake kunna shi. Shi ne a ke kira bireka. Masu gadi biyu ne a cikinsa. Na fari ƙarfe biyu ne iri dabam da aka manna, in kaya sun yi yawa su yi zafi a hankali, su tanƙware, su sauke makunni. Na biyu maganaɗisu ne da ke fizge makunnin kafin ƙiftawar ido in wayoyi suka haɗu.

A nan akwai abin lura. Wutar layi da ta janareta tana kai da komo, tana saukowa sifiri sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka tartsatsinta kan mutu da kansa. Wutar batir da ta farantin sola hanya ɗaya ta ke bi ba tsayawa, tartsatsinta yana da wuyar mutuwa. Birekar gida ta kasuwa tana iya ƙonewa ba ta yanke ba. A gefen batir da faranti sai a nemi wadda aka rubuta DC a jikinta.

Mai gadin rai

Fiyus da bireka waya su ke tsarewa. Wutar da za ta kashe mutum ba ta kai ko kusa da abin da zai ƙona fiyus ba. A ramukan haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, inda jiƙa ta yi yawa, wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera na'ura a 1955 mai gane wutar da ke zurarewa ƙasa. Shehun malami Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya ya fito da tasa a 1961. Na'urar tana gwada wutar da ta fita da wadda ta komo. In an sami giɓi, to wata ta bi ta wani wuri, watakila ta jikin mutum, sai ta yanke nan da nan. Wadda a ke sa wa gida tana yankewa a kan kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya. Wutar da ke fita daga inbata ko janareta bolt 230 ce, tana kisa. Duk ƙungiyar da ke da famfo a fadama, inda yara ke tafiya ba takalmi cikin laka, tana bukatar wannan na'ura, gwani ya haɗa ta da sandar ƙasa yadda ya kamata. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi kowane wata.

Kwantirola

Batir kan mutu kuma a hankali, ba hayaƙi ba ƙauri. Farantin da a ke kira na bolt 12 yana iya ba da fiye da bolt 20 in ba a ɗora masa kaya ba. In an haɗa shi kai tsaye, batir ya cika amma caji bai tsaya ba, ruwansa ya riƙa ƙafewa yana fid da iskar haidirojin, wadda ƙyastun ashana ɗaya ya isa ya fasa ta. Kwantirola ce ke tsai da caji wajen bolt 14.4, sa'an nan ta sauko wajen 13.6 ta riƙe.

A ɗaya gefen, batirin dalma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. In ya huta, cikakke yana nuna 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.1 rabi ya tafi, nan ya kamata a tsaya. Kwantirola tana yanke kaya in batir ya yi ƙasa. Sai ka ga wani ya ji haushi an ɗauke masa wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo, ya zagaye kwantirola ya jona a kan batir. Wannan daidai ya ke da cin irin shuka da bazara.

Baturan litiyom, waɗanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, sun shigo ƙauyukanmu. Mai kyau yana da ɗan allo a ciki, ana kiransa BMS, mai lura da kowane ɗaki na batirin, ya yanke in caji ya wuce, ko ya yi ƙasa, ko zafi ya yi yawa. A guji wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi ba wannan allo. Arha ba ta ado, wutar litiyom kuwa tana da wuyar kashewa.

Tsawa

Tun wajen 1752 Benjamin Franklin ya nuna walƙiya lantarki ce, ana kuma iya ba ta hanya ta shige ƙasa. Ƙarafan da ke riƙe da faranti a haɗa su da waya mai kauri zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai laima. Akwai kuma ƙaramar na'ura da a ke sa wa layin faranti, mai karkatar da bugun tsawa zuwa ƙasa. A duba su kafin hadarin fari.

Abin da kowace ƙungiya za ta yi

1. A sa babban fiyus kusa da kan batir, a kuma ajiye wasu na canji cikin gwangwani a wurin.
2. Kada a maye gurbin fiyus da waya, ko ƙusa, ko takardar kwalin sigari.
3. A raba ɗakin batir da taki, da iri, da fetur. Ya zama mai iska da inuwa, gama zafi yana rage kwanan batir.
4. A bi da wayoyi cikin bututun roba saboda ɓera da gara.
5. In za a haɗa kwantirola, batir tukuna, sa'an nan faranti. In za a kwance, faranti tukuna.
6. Mai aiki a kan batir ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun sifana da tef. A mota ko tarakta a fara cire kai mai alamar −.
7. Batir mai murfi a ƙara masa tataccen ruwa kaɗai, ban da asid, ban da ruwan rijiya.
8. A zaɓi mutum ɗaya da mataimaki, su riƙa rubuta awon batir a littafi kowane mako.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umurci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Rawanin soro ba ya ƙara wa gida ɗaki ko ɗaya, amma Ubangiji ya lasafta shi cikin ginin. Kayan ƙungiya amana ne. Cikinsu akwai gumin gwauruwa da ta kawo mudu biyu, da na saurayin da ya yi ƙodago. In za mu yi lissafin sola, kuɗin fiyus da bireka da kwantirola su shiga tun farko.

Tambayoyi domin taronku na wannan wata: Ina fiyus ɗinmu ya ke, wa ya taɓa ganinsa da idonsa? Me ke ajiye kusa da batirinmu? In ya ƙone yau, wa ke da ikon canja shi, ina kuma na canji?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku tashi daga taro ku je ɗakin batir tare ku duba. Allah ya ba mu damina mai albarka.