Baro: Tsohuwar Tashar Jiragen Ruwa Da Ke Jiran Farfaɗowa

Garin Baro yana bakin Kogin Kwara ne, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja. Ƙalilan ne daga cikin ɗalibanmu suka san cewa a wani zamani wannan ɗan gari na Nupawa shi ne ƙofar Arewa wajen ciniki da ƙasashen ƙetare.

A shekarar 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano. An zaɓi wurin ne saboda jiragen ruwa suna iya hawowa har can daga bakin teku idan kogi ya cika. Ta nan aka riƙa sauke ƙarafa da sauran kayan aiki, har hanyar ta isa Kano a 1911.

Amma darajar Baro ba ta daɗe ba. Da aka haɗa hanyar Ikko da ta Kano a Minna, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, sai gyaɗa da auduga da fatu suka koma bin jirgin ƙasa kai-tsaye zuwa Ikko, tun da wannan hanya ba ta jiran damina. Sannu a hankali ciniki ya ja baya, daga bisani reshen Minna zuwa Baro ma ya daina aiki.

Irin wannan ƙaddara ta taɓa faɗa wa birnin Landan. Da aka shiga yin dakon kaya cikin kwantena, manyan jirage suka koma Tilbury, tsofaffin tashoshin gabashin birnin suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dubban lebura suka rasa abin yi. A 1981 gwamnatin Ingila ta kafa hukuma ta musamman don raya wurin. An buɗe ƙaramar hanyar jirgin ƙasa da filin jirgin sama a 1987, aka gina dogon benen Canary Wharf a 1991. Duk da haka kamfanin da ya gina shi ya karye a 1992, kuma ƙarancin hanyar zirga-zirga yana cikin dalilai. Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai isa unguwar ba sai 1999. Har ila yau, talakawan da suka gaji wurin sun yi ta kukan cewa sababbin gidajen bakin ruwa sun fi ƙarfin aljihunsu.

A nan gida, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tasha a watan Janairu na 2019. Sai dai an buɗe ta ne ba tare da ingantacciyar hanyar mota ko ta jirgin ƙasa ba, watau an gina rumbu ba a yi masa ƙofa ba.

Darasin a fili yake ga ma'aikatan da tsare-tsare ke hannunsu. Hanya ita ce farko, sa'an nan gine-gine su biyo baya. Kafin farashin fili ya tashi, wajibi ne a rubuta haƙƙin masunta da manoman fadama, a kuma adana gine-ginen zamanin Turawa don masu neman tarihi. Idan tashar ta kama aiki, fataken Sakkwato da Illela, har ma da na Birnin Ƙonni, za su sami hanyar teku da ba sai sun bi ta cunkoson Apapa ba.