Dogon hutu: Shirin shiga jami'a ya wuce karatu kawai

An rufe makaranta, waya ta dawo hannu, ga TikTok ga kwallo har dare. Ba laifi, hutu hutu ne. Amma idan kana shirin shiga SS3, ko ka gama WAEC da NECO kana jiran sakamako, wannan hutun shi ne lokaci mafi sauƙi da za ka samu kafin JAMB ta buɗe rajista a farkon shekara. Kuma sau da yawa abin da ke sa ɗalibi ya zauna gida shekara guda ba faɗuwa jarrabawa ba ne, ƙananan abubuwa ne da aka bari sai ƙurarren lokaci.

Fara da lambar NIN. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da ita, kuma sunan da ke kanta shi zai bi ka har jami'a. Ɗauko takardar ka kwatanta da abin da makaranta ta rubuta maka. Idan nan Muhammad ne can kuma Mohammed, ko ranar haihuwa ta sha bamban, je ka gyara yanzu, don gyaran ba ya ƙarewa a kwana ɗaya. Sannan ka ware layin waya naka na kanka. Da shi za ka tura NIN zuwa 55019 a ba ka lambar rajista, kuma JAMB za ta ci gaba da sanin ka da layin. Kar ka ari na aboki, kar ka yi da na mai shagon intanet.

Sai zaɓen kwas. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kwas ɗin ne ke faɗa maka. Mai son likitanci sai da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son lauya kuwa jami'o'i da yawa na neman adabin Turanci. Ko maki 300 ka ci, in haɗin darussanka bai dace ba, an gama magana. Shiga shafin JAMB ka duba ƙa'idar jami'ar da kake so, domin ta BUK ba lallai ta zama ɗaya da ta ABU ba. Ka tuna kuma ana neman kiredit biyar, yawanci har da Turanci da Lissafi.

Na uku, kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Iya latsa waya daban, zama gaban kwamfuta agogo na gudu daban. Nemi wurin da za ka riƙa gwaji ko sau ɗaya a mako, da tsofaffin tambayoyi, kana auna lokaci.

'Yar'uwa, ke ma da ke nake. Ki zauna da su Baba tun yanzu a yi maganar garin da za su yarda ki je karatu da kuɗin da za a iya ɗauka. Gara a san matsaya a watan Agusta da a ce suna ya fito sannan a fara "ai da nisa".

Ka zaɓi ɗaya cikin waɗannan ka gama shi kafin Juma'a. In ka tambaye ni, fara da NIN, don ita ce ta fi cin lokaci.