Kitsen ƙarƙashin fata da kitsen ciki: abin da bincike ya gano a jikin mutum da dabba

A kasuwar dabbobi, ko a Maraɗi ko a Tawa, mai sayen rago ba ya tsayawa ga kallo. Yakan ɗora hannu a gadon bayan ragon, ya matsa, ya taɓa gindin wutsiya. Abin da yake aunawa shi ne kitsen da ke ƙarƙashin fata. Masana sun shafe shekaru suna nazarin wannan kitse a jikin mutum da dabba, kuma sun gano cewa wurin da kitse ya taru yana da muhimmanci ga lafiya kamar yawansa.

Tun a 1947 wani likita Bafaranshe na birnin Marsei, Jean Vague, ya lura cewa masu ƙiba iri biyu ne. Akwai waɗanda kitsensu ke taruwa a cinya da ɗuwawu, akwai kuma waɗanda nasu ke taruwa a ciki da saman jiki. Na biyun su ne ciwon suga da ciwon zuciya suka fi kamawa. Daga baya na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki suka nuna dalili: a cikin tumbi, bayan kitsen da ake iya damƙa da hannu, akwai wani can ciki da ke lulluɓe hanji. Wannan na ciki yana zuba maiƙo cikin jijiyar jini da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta, abin da ke hana sinadarin insulin aikinsa na rage suga a jini.

Shi kuwa na ƙarƙashin fata kamar rumbu yake: yana ajiye rarar abinci inda ba ta cika yin lahani ba. Idan rumbun ya cika, rarar sai ta malala zuwa hanta da tsoka. Shi ya sa mutanen da aka haifa da cutar rashin kitsen ƙarƙashin fata, duk da ramarsu, sukan yi fama da ciwon suga mai tsanani. A 2004 kuma, wani bincike da Samuel Klein ya jagoranta a Amurka ya bi mata 15 da aka zuƙe wa kimanin kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki ta hanyar tiyata. Bayan makonni 10 zuwa 12, ba a ga wani sauyi a sugan jininsu ko hawan jini ba. Jiki ya ragu, haɗarin bai ragu ba.

Kitse kuma ba ajiya kaɗai ba ne. A 1994, Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller ya gano, ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, cewa kitse na fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da jiki ke da ita. Idan ajiyar ta yi ƙasa sosai, yunwa takan ƙaru, jiki kuma ya jinkirta haihuwa.

Makiyaya sun san wannan tun kafin a ba shi suna. Saniyar da ta fito daga bazara a rame takan daɗe ba ta ɗauki ciki ba. Tozon raƙumi ma kitse ne, ba ruwa ba, kuma yakan kwanta idan yunwa ta yi tsawo. Likitocin dabbobi na amfani da maki daga 0 zuwa 5 wajen auna yanayin jikin saniya ko tunkiya, ta hanyar taɓa baya da gindin wutsiya. Duka ƙarshen biyu na da matsala: ramammiya ba ta yin nono sosai, wadda ta yi ƙiba fiye da kima kuwa takan sha wahalar haihuwa, kitse kuma ya iya cika mata hanta.

Wannan bayani ya shafi wata ɗabi'a da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna kuka da ita: shan ƙwayoyin ƙiba da ake saye wurin masu talla, musamman deksametazon. Maganin na da amfaninsa idan likita ne ya rubuta shi. Amma shan sa na tsawon lokaci yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa kuma su sirance. Yana iya jawo ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wato yana ƙara ainihin kitsen da ya fi cutarwa. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya daina lokaci guda, domin hakan ma haɗari ne; ya je asibiti a rage masa sannu a hankali.

Don sanin inda mutum ya tsaya, mitar tela ta wadatar. A auna ƙugu tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan an fitar da numfashi. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ɗauki santimita 94 ga maza da 80 ga mata a matsayin inda haɗari ke farawa, ko da yake daga Turawa aka samo waɗannan alƙaluma. Wata ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum: mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Wannan awo bai shafi mace mai ciki ba.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne kitsen ciki yakan ragu idan mutum ya riƙa tafiyar ƙafa ko aikin ƙarfi a kai a kai, ya kuma rage sukari a shayi da lemun kwalba, ko da sikeli bai nuna babban sauyi ba. Wanda awonsa ya wuce iyaka, ya kamata ya je cibiyar lafiya mafi kusa a gwada masa suga da hawan jini.