Daga Hadarin Gabas Zuwa Mahaukaciyar Guguwar Teku

Duk manomi a Ƙaraye ko Rogo ya san hadarin gabas ba ya wasa. Gari zai yi zufa tun hantsi, da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, sai iska mai ƙura ta riga ruwa isowa, ta yaye kwano, ta kwantar da dawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, irin wannan hadari ba a ƙasar Hausa tafiyarsa take ƙarewa ba. Wani lokaci shi ne tushen guguwar da za ta rushe gidaje a Amurka bayan mako biyu.

Da damina, iskar da ke kan hamadar Sahara tana da tsananin zafi da bushewa, ta kudu kuwa, wadda ke tasowa daga gaɓar tekun Gini, tana da sanyi da laima. Wannan bambanci shi ke haifar da wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita 3 a sama. Tafiyarta ba a miƙe take ba, tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kuma kowace lanƙwasa tana tattara gizagizai. Kowane kwana 3 zuwa 5 ɗaya takan ratsa ta kanmu, shi ya sa ruwan watan Agusta yakan zo, ya ɗan huta, ya sake dawowa. Cikin 'yan kwanaki sai ta faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal da Gini. Kimanin 60 ne ke fita a shekara, kuma akasarinsu a nan suke mutuwa.

Wadda za ta rayu sai ta sami abinci, abincinta kuwa ruwa mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai kimanin digiri 27. Tururi yakan tashi daga teku, idan ya yi sama ya huce ya zama ɗigon ruwa, sai ya saki zafin da ya ɗauko. Zafin nan ya ƙara tura iska sama, wurin da ta bari ya yi sako-sako, iskar gefe ta ruga don cike gurbin, ita ma ɗauke da nata tururin. Juyawar duniya kuma tana karkatar da iskar, maimakon ta shiga tsakiya kai tsaye sai ta riƙa kewayawa. Idan gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a, ta zama mahaukaciyar guguwa, wadda ake kira harken a Atlantika, saiklon a tekun Indiya, taifun a yammacin Fasifik. Tsakiyarta, watau "idon" guguwa, shiru ne, har akan ga shuɗin sama, amma kewayensa nan ne mugunta take. Wannan karkatarwa ba ta da ƙarfi kusa da Ikwaita, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa Legas da Fatakwal ba su san wannan bala'i ba.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga Afirka suke samo asali. A 1990 wani masani Ba'amurke, William Gray, ya nuna cewa shekarun da yammacin Sahel ya sami ruwa sosai su ne Amurka ta fi shan manyan guguwoyi, shekarun fari na 1970 da 1980 kuwa ta sami sauƙi. Abin da ban mamaki: damina mai albarka a nan, fargaba a can.

Guguwa ba ta tambayar arzikin ƙasa kafin ta sauka, amma abin da take bari a baya ya bambanta ƙwarai. Guguwar Andrew, wadda ta bar gaɓar Afirka a tsakiyar Agusta 1992, ta ragargaza kudancin Fulorida, ta jawo asarar kimanin dala biliyan 27, mutanen da suka mutu kuwa kimanin 65 ne. Shekara ɗaya kafin wannan, a Afrilu 1991, saiklon ya kashe kimanin mutum 138,000 a Bangaladash. Yawancinsu ba iska ce ta kashe su ba, ruwan teku ne da guguwa ta turo kan tudu cikin dare, a ƙasar da take shimfiɗe kamar tabarma. Mai arziki yana da tauraron ɗan Adam da jirgin da ke shiga cikin guguwa ya auna ta, yana da titi da motar gudu, yana da inshora. Asararsa tana da yawa a lissafi domin abin da ya mallaka yana da tsada, amma kaɗan ce idan aka gwada da dukiyarsa. Ƙaramin tsibirin Dominika kuwa, abin da guguwar Maria ta lalata masa a 2017 ya haura ninki biyu na duk abin da ƙasar take samarwa a shekara. Sannan akwai abin da ke biyo baya: ruwan gishiri ya ɓata gonakin shinkafa, masai ya haɗu da rijiya, kamar yadda kwalara ta ɓarke a birnin Beira na Mozambik bayan guguwar Idai a 2019.

Sai dai kuɗi kaɗai ba su ne bayanin ba. Katrina ta kashe fiye da mutum 1,300 a Amurka a 2005, kuma tsofaffi da talakawan New Orleans marasa mota ne suka fi shan wuya. Bangaladash kuwa, bayan saiklon na 1970 da ya halaka aƙalla mutum 300,000, ta kafa shirin 'yan sa-kai a 1972, masu bi ƙauye-ƙauye da lasifika da tutoci, ta kuma gina mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda da yawansu makarantu ne idan babu guguwa. Da Sidr ta zo da ƙarfinta a 2007, mamata ba su kai 4,000 ba. A shekara mai bi mata, Nargis ta kashe kimanin 138,000 a maƙwabciyarta Miyanma, inda gargaɗi bai isa ƙauyuka ba, kuma gwamnatin soja ta jinkirta shigar agaji.

Ƙasar Kano ba za ta ga harken ba, don babu teku da zai ciyar da shi. Namu rabon shi ne iska da mamakon ruwa, irin wanda ya fasa madatsar Bagauda a Agusta 1988. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, amma sanarwar da ta tsaya a Abuja cikin Turanci ba ta ɗaure kwanon kowa a Rogo, ba ta kuma tashi mai gona a bakin kogin Challawa ranar da ruwa zai ƙaru. Tsakanin ofishin hasashe da mai unguwa nan ne aikin bai kammala ba.