Daga Yerwa Zuwa Kano: Yinin Amarya Tsakanin Al'adu Biyu

Masu karatu sun sani auratayya tsakanin Barno da ƙasar Hausa ta daɗe ƙwarai. Ko a labarin Bayajidda da muke koya wa yara a makaranta, an ce sai da ya auri 'yar Mai na Barno kafin ya iso Daura. A cikin birnin Kano akwai unguwar Zangon Barebari, a Maiduguri kuwa akwai Hausari, kuma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima duk daga Barno muka aro su. Da jirgin ƙasa ya isa Maiduguri a 1964, sa'an nan aka fara aikin yi wa ƙasa hidima a 1973, aka buɗe jami'ar Maiduguri a 1975, sai cuɗanya ta daɗa yawa, irin wannan aure kuwa ya zama ruwan dare. To, abin da ba a cika kula da shi ba shi ne halin da ita amarya kan shiga, domin a kanta ne al'adun gida biyu ke haɗuwa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo labarin wata malamar makaranta, Babarbariya, wadda ta auri Bakano, kamar yadda ta ba mu shi.

Tun a wajen sa rana aka fara ja-in-ja. Dangin amarya suka ce ba su ba da 'ya sai an yi wushe-wushe, watau daren da ango da abokansa kan zo gidan amarya a yi musu maraba da ganga kura da algaita, gama wushe a Barbarci ita ce sannu. Dattawan Kano suka ga abin banbarakwai, domin a tsohuwar al'adarsu ango kan ɓuya ne a gidan babban abokinsa, ba ya kai kansa gaban surukai ana kiɗa. Su kuma matan Kano suka kafe sai an yi kamu da sayen baki da buɗar kai. Da an bi kowa, da biki ya ci kwana goma, kuɗin da aka tara don kayan ɗaki kuwa ya ƙare a kan makaɗa da tukwane.

Wani kawun amarya ne ya raba gardama. Ya ce muddin yarinya tana gidan ubanta a yi mata yadda Barebari ke yi, daga sa'ad da ta sa ƙafa a mota kuwa ta zama ta Kanawa. Abin da gidajen biyu suka yi tarayya a kansa, kamar lalle, a yi shi sau ɗaya a gaban kowa. Aka yarda da haka. Ango ya zo wushe-wushe, amma iyayensa maza suka zauna a masauki don kada a haɗa ido.

Ranar ɗaurin aure, tun da asuba gwaggwanninta suka tashe ta. An riga an wanke mata kai an yi kitso bisa al'adar gidansu, saura turare. Aka turara ta da turaren wuta, aka shafe ta da humra, aka naɗa mata lafaya. Ta ce matan Kano da suka kwana a gidan sun fito da atamfa daga cikin lefe suna so ta ɗaura, uwarta ta roƙe su su yi haƙuri su ajiye sai an isa. Ita dai tana zaune ana magana a kanta da harshe biyu, ba wanda ya tambaye ta, kunya kuwa ba ta barin amarya ta tsoma baki.

Da hantsi maza suka taru a ƙofar gida. A nan babu Barno babu Kano, gama duka mazhabar Maliku suke bi, kuma Risala ɗaya malamansu suka karanta: waliyyi, da shaidu biyu adilai, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ba. Wakilin ango ya nema da Hausa, waliyyi ya bayar da Barbarci, aka maimaita wa jama'a, liman ya yi addu'a da Larabci, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Amarya ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Guɗa kawai ta ji daga tsakar gida, sai ta san an ɗaura.

Abin da ya fi tsaya mata a rai, in ji ta, shi ne sallama da kakarta. Tsohuwar ba ta jin Hausa. Ta yi mata nasiha da Barbarci a kan haƙuri da riƙe sirrin miji, kana ta kama hannunta ta danƙa wa yayar ango, ta sa aka fassara mata cewa amana ce, kuma yarinyar ba ta da uwa a Kano sai wadda za ta tarar. Yayar ango ta durƙusa ta ce, "Mun karɓa, Iya, Allah ya ba mu ikon riƙewa."

Tsakanin Maiduguri da Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Damaturu da Potiskum da Azare da Wudil. Tun rikicin da ya ɓarke a 2009 matafiya ba su son dare ya riske su kafin Damaturu, saboda haka aka fita da ita kafin azahar, maimakon da dare kamar yadda aka saba kai amarya. Ba su shiga Kano ba sai bayan lisha. Aka fara kai ta wurin uwar miji, ta durƙusa fuska a lulluɓe, tsohuwar ta ce, "Sannu da hanya, 'yata, nan ma gida ne." Daga nan aka wuce da ita ɗakinta, aka ce ta shiga da ƙafar dama da bismilla. Abokan ango suka zo sayen baki, ƙawayenta na Yerwa kuwa, ko da yake ranar suka fara ganin yadda Kanawa ke yinsa, suka tsuga kuɗi har aka yi ta dariya. Kashegari ta ɗaura atamfar nan aka yi buɗar kai.

To, jama'a, akwai abin lura a nan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ba kuwa laifi ba ne dangi su so a ga al'adarsu ranar bikin 'yarsu ko ɗansu. Amma wajibi ne iyaye su rarrabe abin da shari'a ta ɗora da abin da al'ada ta ƙaro. Na farko ba ya cin rabin sa'a, na biyun kuwa shi ke cin dukiya da lafiyar yarinya, shi ne kuma kan haddasa maganganun da za a riƙa goranta mata shekara da shekaru. Muna ba da shawara manyan gidajen biyu su zauna tun kafin a sa rana, su ƙidaya abin da za a yi da wanda za a bari, su kuma aiki wata dattijuwa ta ji ta bakin amarya a keɓe, tun da ita za ta zauna da mutanen nan bayan 'yan biki sun watse.

Wannan malama yanzu tana koyarwa a Kano. 'Ya'yanta suna jin Hausa da Barbarci, ƙannen mijinta mata kuwa wurinta suke koyon haɗa turare. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya ƙara danƙon zumunci tsakanin jama'armu, amin.