Kwamfuta Ta Ƙi Tashi? A Dakata Kafin a Goge

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, jihar Gadarif ta karɓi jama'a masu yawa daga Hartum, daga baya kuma daga Madani. Akwai ɗalibai da ma'aikatan da suka iso garuruwa irin su Doka ba su riƙe da komai sai kwamfutar tafi-da-gidanka, a cikinta kuwa akwai hoton takardar shaidar karatu, da na fasfo, da binciken kammala jami'a. Irin wannan na'ura ba ta gwaji ba ce.

Ga shi kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa. Shi ya sa yaranmu ke ƙara Ubuntu ko Linux Mint kusa da Windows. Wani lokaci aikin ya tsaya a tsakiya, a kunna kwamfuta, allo ya yi baƙi ƙirin.

To, jama'a, a nan ake tafka asara. Mai gyara mai gaggawa zai ce a goge komai a sake sabon zubi. Kada a yarda. Galibi takardun suna nan daram, hanyar shiga ce kawai ta toshe. A sa filas ɗin da aka yi aikin da shi, a zaɓi gwada Ubuntu ba tare da girkawa ba, a kwashe takardu zuwa wani filas tukuna. In Windows ta kulle faifan da BitLocker, sai an nemo mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda yawanci yake ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar.

Bayan nan ne za a nemi dalili. Sau da yawa an girka Windows ta tsarin UEFI, ita kuwa Linux an tayar da filas ɗinta ta tsohon tsarin Legacy, sai kowace ta kasa ganin 'yar'uwarta. Maganinsa a sake girka Linux ta UEFI. Wani lokaci Ubuntu ce za ta ƙi ganin faifan saboda yana kan Intel RST. Sai an mayar da shi AHCI, amma a shirya Windows kafin canjin, in ba haka ba ita ma ta ƙi tashi. A kashe Fast Startup. Ba kuma kullum laifin mai na'ura ba ne: a watan Agusta na 2024 wani sabuntawa daga Microsoft ya hana Linux tashi a na'urori masu manhaja biyu, har sai da mutane suka kashe Secure Boot na ɗan lokaci.

Sai batun wuta, wadda kowa a nan ya san halinta. Ɗaukewarta ana tsakiyar raba faifai ita ce ke iya lalata takardu da gaske. Mai mataccen batir ya haƙura, ya kai na'urarsa shagon da ke da sola.