Jerry Rice, ɗan birkilan da agogon awo ya raina

A daren wata Asabar cikin Oktoban 1984, Bill Walsh, kocin ƙungiyar San Francisco 49ers, yana kishingiɗe a ɗakin otal a birnin Houston yana jiran wasan gobe. Ya kunna talabijin, sai ya ci karo da taƙaitattun hotunan wasannin jami'o'i, a ciki har da wani dogon saurayi daga wata ƙaramar jami'ar baƙaƙen fata da ke Itta Bena a jihar Misisipi, yana cafe ƙwallo ta kowace fuska. Walsh ya riƙe sunan. Bayan wata shida ya yi musayar gurabe da ƙungiyar New England Patriots don ya samu lamba ta 16 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1985, ya riga Dallas Cowboys da ke lamba ta 17, ya ɗauke yaron. Sunansa Jerry Rice.

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, ƙafa ba ta da wani babban rabo a cikinsa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, filin yadi 100 ne, ƙwallon kuma mai tsini biyu ce kamar gwanda. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma gaba, da gudu ko da jifa, wanda kuma ya kai ƙwallo cikin gidan ƙarshe na abokan hamayya ya ci maki shida. Aikin Rice shi ne na macafi: ya tsaya can gefen fili, ya sheƙa da gudu ta hanyar da aka tsara tun a ɗakin shiri, ya zille wa mai tsaronsa, ya cafe abin da majefi ya cillo, yana sane da cewa wani ƙato na tafe zai banke shi.

An haife shi a 1962, ya tashi a ƙauyen Crawford, cikin 'ya'ya takwas na wani birkila. Lokacin hutun bazara yakan bi mahaifinsa wurin gini, ya hau saman katako, 'yan'uwansa na cillo masa bulo daga ƙasa yana cafewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon leburori a wurin ginin bene ya san yadda abin yake. Marubutan wasanni na Amurka suna son wannan labari ƙwarai, suna cewa bulo ne ya gyara masa hannu. Ni ban gamsu ba. Bulo da ƙarfi ake tare shi, ƙwallo kuwa da laushin yatsu ake karɓarta. Abin da ya koya a wurin ginin, a ganina, shi ne halin magini: a ja igiya, a auna, a jera, in layi ya karkace a rushe a sake, ko da rana na dukan ƙeya.

A jami'ar Mississippi Valley State ya haɗu da koci Archie Cooley da majefi Willie Totten, waɗanda jifa ce tuwonsu da miyarsu. A 1984 kaɗai Rice ya ci maki shida-shida har sau 27 ta hanyar cafewa. Duk da haka masu farautar 'yan wasa suka yi ta ɗari-ɗari da shi. Sun ce da ƙananan makarantu ya kara. Sannan ga batun agogo: ana auna gudun yadi 40, lambar da aka fi yaɗawa a kansa kuwa ita ce daƙiƙa 4.71, alhali masu gudun gaske kan yi 4.4. Shi ya sa aka ɗauki macafa biyu kafin shi, Al Toon da Eddie Brown. Farkon zuwansa San Francisco ma kamar zai gaskata masu shakka, don ƙwallo ta yi ta suɓuce masa har 'yan kallo suka fara yi masa ihu. Sai a Disamban 1985, a wasa da Los Angeles Rams, ya cafe goma ya ci yadi 241, bakuna suka mutu.

Agogon bai yi ƙarya ba, abin da ya auna ne ba shi da amfani sosai. Gudun yadi 40 ana yin sa ne a miƙe, da gajeren wando, ba mai tare ka. Tsarin Walsh kuwa na gajerun jifa ne masu ƙidayar taku: majefi Joe Montana zai ja baya taku uku ko biyar ya saki ƙwallo tun macafi bai waiwayo ba, zuwa wani gurbi da babu kowa tukuna. Dole macafi ya iso gurbin nan daidai lokacin, ba gaba ba baya. Rice ya mayar da wannan sana'a. Takunsa na farko iri ɗaya ne ko gajeriyar hanya zai bi ko doguwa, don haka mai tsaronsa ba ya iya karanta niyyarsa. Yana karya kwana ba tare da rage gudu ba, yana cafe ƙwallo yana cikin tafiya, jifar yadi takwas ta koma sittin. Da sulke a jiki da ƙwallo a hannu, da wuya ka ga an kamo shi ta baya.

A 1987 yajin aikin 'yan wasa ya rage kakar, wasa 12 kawai ya buga, amma ya cafe ƙwallon maki shida sau 22. Sai da aka shekara ashirin kafin Randy Moss ya yi 23, shi kuma cikin wasa 16. A wasan ƙarshe na Super Bowl a Janairun 1989 a Miami, Cincinnati Bengals na gaba da 16 da 13, saura minti uku da 'yan kai, 49ers kuma na da yadi 92 a gabansu. Rice ya cafe uku a wannan tafiya, hankalin masu tsaro duk ya koma kansa, Montana ya jefa wa John Taylor ta nasara saura daƙiƙa 34. Rice ya tashi da cafewa 11 da yadi 215 da kambun gwarzon wasa. Ya sake cin kofin a 1990, da kuma 1995 tare da majefi Steve Young, inda ya ci maki shida sau uku da gocewar kafaɗa.

Abin da abokan wasansa suka fi tunawa shi ne tudun Edgewood, kudu da San Francisco, hawan mil biyu da rabi wanda abokin wasansa Roger Craig ya fara kai shi. Lokacin da sauran ke hutun ƙarshen kaka, shi yana can yana hawa da gudu yana auna kansa da agogo. A wurin atisaye kuma, duk ƙwallon da ya cafe sai ya ruga da ita har gidan ƙarshe, ko ba mai bin sa. Ba za a rasa tabo ba: a 2015 ya amsa cewa ya riƙa shafa wa safar hannunsa wani abu mai danƙo da hukumar NFL ta haramta tun 1981. Laifi ne, ba sai an yi masa kwaskwarima ba, amma danƙo ba ya kai mutum gurbin da ƙwallo za ta sauka.

A wasan farko na 1997 Warren Sapp na Tampa Bay ya finciko shi ta ƙarfen hular kwano, jijiyoyi biyu na gwiwarsa suka tsinke. Yana da shekara 34, kuma bai taɓa rasa wasa ba a cikin 189 a jere. Bayan mako 15 ya dawo, ya ci maki shida a kan Denver, ya faɗi a kan gwiwar, ƙoƙonta ya tsage. Gaggawar nan ganganci ce, kuma daga zuciyar da ta kai shi tudu ta fito.

Sana'ar ba ta da kunya. A wasansa na ƙarshe a gida da rigar 49ers, Disamban 2000, ranar da aka keɓe don karrama shi, matashin abokin wasansa Terrell Owens ne ya cafe ƙwallo 20 ya kafa tarihi. Rice ya tsallaka ruwa zuwa Oakland Raiders, inda a 2002, yana ɗan shekara 40, ya cafe 92 ya ci yadi 1,211, a wasan da matsakaicin ɗan wasa ba ya wuce shekara uku zuwa huɗu. Ya ɗan taɓa Seattle a 2004. A 2005 ya je Denver, da ya ga benci za a ajiye shi sai ya rataye takalma.

Jimillar kaka 20 ke nan: cafewa 1,549, yadi 22,895, maki shida sau 208. Larry Fitzgerald, wanda ya buga kaka 17 kuma ba wanda ke musun gwanintarsa, ya tsaya a yadi 17,492. A Agustan 2006 ƙungiyar 49ers ta ba Rice kwantiragin kwana ɗaya don ya yi ritaya a gidansa na asali. Kuɗin da aka rubuta a takardar dala 1,985,806.49 ne: shekarar da aka ɗauke shi, lambar rigarsa 80, shekarar ritayar, da sunan ƙungiya. Ko sisi ba a biya ba, sa hannun kawai ya je yi.